Tabo a Cikin Yelwa

Damba, Gusau
9 ga Satumba, 2021

Zuwa ga Inna Tambaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da duk mutanen Tungar Sule. Yaya ƙafa? Yaya zaman sabon wuri? Ni ce Mansura, babbar 'yar Bara'atu ta Bungudu, jikar 'yar'uwarki Uwa. Na faɗa ne don kada ki ce ba ki san wata Mansura ba, tunda na san halinki, wanda ya yi shekara bai gaishe ki ba kin cire shi daga dangi. Mu nan lafiya lau, sai aikin asibiti da ba ya ƙarewa. Mama ma da sauƙi, hawan jinin ne dai yake tashi yana kwantawa.

Kin ga abin da rufe layukan waya ya jawo mana. Rabona da rubuta wasiƙa tun ina makaranta. Zan ba Abdullahi direba ya ajiye ta a shagon bakin tashar Tsafe, duk wanda ya fito daga wajenku ya tafi miki da ita.

Maganar Yelwa ce ta sa na ɗauki biro. A lissafina cikinta ya shiga wata takwas. Kafin a rufe waya na yi mata magana ya fi sau biyar a kan ta taho Gusau ta zauna a wurina har ta sauka. Kin san ƙanwata, za ta ce miki "to" da ladabi, sannan ta yi abin da ta ga dama. Mijinta Bashar kuwa ba ya ɗaga ido a gaban mahaifinsa Baba Sule, balle yanzu da aka ce shi ne mai gari.

Na san Malam Haliru liman ne zai karanta miki wannan takarda, kuma na san zaurensa ba ya rabuwa da mutane, don haka ba zan tsawaita ba. Kin dai san abin da ya faru a Bungudu shekara biyu da suka wuce. Wanda ya ga wancan ba zai so a sake ba. Don Allah, Inna, kada Yelwa ta haihu a gida. Ke ce ungozomar garin, in kin ce mace mai ciki ta tashi, ko mai gari ba zai ce ta zauna ba. Ki sa a kawo mini ita kafin wannan wata ya mutu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Na haɗo miki da man zafi da sabulu. A gaida Malam, a gaida Baba Sule.

Jikarki,
Mansura


Tungar Sule
18 ga Satumba

Zuwa ga Mansura mai farin kaya,

Wa alaikumus salam. Na ce wa Malam ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara mini baki. Saƙonki ya iso, Allah ya yi albarka. Man zafin ya yi, sabulun kuwa ƙamshinsa ya fi ƙarfin tsohuwa, na ba Yelwa. Ƙafa tana nan yadda kika san ta. Gero ya nuna, an fara yanka, sai dai ana yi ana waige. Shekaranjiya ma mun ji harbi ta yamma, amma bai iso mu ba.

Ashe sai da waya ta mutu kika tuna kina da kaka a daji. To, na yafe.

Abin da ya faru a Bungudu na sani. Yarinya ta tafi goyon ciki gidan uwarta, ɗa bai zo da rai ba, ta yi jinya ta dawo. Na yi kuka da ita a lokacin. Amma 'yar nan, wace mace ce ba ta binne ɗa ba? Ni huɗu na binne kafin in sami mai zama. Malam yana yi mata rubutu duk Alhamis, tana sha. Tana cin tuwo, tana daka, tana ɗebo ruwa, ƙafarta ba ta kumbura ba. Goyon ciki na haihuwar fari ne, ta kuwa yi nata.

Bari in gaya miki abin da ba a koya muku a makaranta ba. Wata goma sha ɗaya ke nan da muka baro garinmu yana cin wuta, muka sari wannan daji muka kafa bukkoki. A cikin wata goma sha ɗayan nan mun binne mutum bakwai a wannan ƙasa, ba mu binne cibiya ko ɗaya ba. Masu cikin da muka zo da su, biyu sun yi ɓari saboda gudu, ɗaya ta tafi Tsafe ba ta dawo ba. Wurin da babu komai a ƙasarsa sai kaburbura ba gari ba ne, zango ne. Har yau mutanen ƙauyukan kusa 'yan gudun hijira suke ce mana, kuma samarinmu kullum maganarsu a tashi a ƙara gaba. Kakata ce ta yanke cibiyar farko a tsohon garinmu, har ta mutu ana nuna bayan ɗakin da ta binne ta. Yanzu ga jikan mai gari yana tafe. Sule ya ɗaure rago tun da damina ta faɗi, mata sun gyara bayan ɗakin Yelwa. Ke kuma kin ce in ɗauki abin da mutum ɗari biyu suka zuba wa ido in kai Gusau.

Sannan hanyar fa? Makon jiya an tare mota kafin a kai kwalta, har yau ba a ga mutum uku ba. A yanzu ɗaki ya fi hanya aminci.

Ki kwantar da hankalinki. Shekara arba'in ina wannan aiki a kan ƙa'ida ɗaya. Mace ta durƙusa a ɗakinta ita da Ubangijinta, ba ta ihu, ba ta tara mutane. In ɗa ya faɗo a aiko mini, in zo in yanke cibi, in wanke, in binne mabiya, in dafa ruwan wanka. Ba na shiga inda ba a kira ni ba, kuma ban taɓa jin kunya ba. Sabuwar reza ma na tanada, tana cikin takardarta, don kada ki ce.

Ki gaida uwarki.

Kakarki,
Tambaya


Damba, Gusau
21 ga Satumba

Inna,

Bayan gaisuwa, ina fatan ƙafa da sauƙi. Ni dai ba lafiya ba, tunda na karanta takardarki abinci bai yi mini daɗi ba.

Ban zaci haka daga gare ki ba. Kin ce kin san abin da ya faru, kuma da saninki kike lissafa mini rago da bayan ɗaki. Ashe cibiya ta fi ran ƙanwata? In Baba Sule yana son gari ya kafu, ya kafa shi da 'ya'yan wasu, ba da 'yar uwata ba.

Kin ce ba ki taɓa jin kunya ba. To, mu ne muke jin ta a madadinku. Shekara tara ina ɗakin haihuwa, na san irin matan da ake kawo mana daga ƙauye a kwance a bayan mota, bayan sun kwana uku a durƙushe babu wanda ya leƙa su. Ungozoma tana gida tana jiran a kira ta, mu kuma a miƙo mana abin da ya rage. Wasu mu ceto, wasu mu rufe musu fuska. Ba ku gani, shi ya sa lissafinku kullum yake fita daidai.

Hanya da haɗari, na yarda. Amma mai bin hanya yana iya tsira. Yelwa in ta durƙusa a ɗakin nan, ban ga ta inda za ta tsira ba. Idan wani abu ya same ta, Inna, ba zan ce ƙaddara ba, zan ce ke ce.

Ki yi haƙuri da zafin bakina, amma ban janye ko kalma ɗaya ba.

Mansura


Bungudu
3 ga Oktoba

Zuwa ga Inna Tambaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma durƙushe. Kwana goma sha biyu ban ji daga gare ki ba, na san fushi ne, kuma kina da gaskiya.

Na zo duba Mama jiya. Ina cikin yi mata ƙorafinki, ina cewa tsohuwar nan ta san an yi wa Yelwa aiki amma ta toshe kunne, sai na ga Mama ta sunkuyar da kai tana murza bakin zane. Na ce, "Mama, ba ku gaya wa Inna ba?" Ta ce, "Wa za mu gaya ma? Yarinya ta roƙe ni da hawaye kada kowa shi ji." Ni ina can ina yi miki hannunka-mai-sanda, ina zaton kin gane, ashe ko sandar ba ki gani ba. Na zage ki a kan abin da aka ɓoye miki.

Malam Haliru, ka gafarce ni, abin da zai biyo baya ba maganar zaure ba ce. Amma kada ka tsallake ko layi ɗaya, ko wa ke zaune.

Inna, Yelwa ba haihuwa ta yi ba a wancan karon. Kwana uku ta yi tana naƙuda a ɗakin Mama ba ta gaya wa kowa ba, saboda kunyar ɗan fari. Da muka kai ta asibiti a Gusau ɗan ya riga ya mutu a ciki, kuma a gicciye yake. Yanka cikinta aka yi aka fitar da shi. Yankan a tsaye yake, daga ƙasan cibiya zuwa mara, kuma haka aka yanka mahaifar ta ciki. Likita ya faɗa a gabana da gabanta cewa kada ta sake yin naƙuda har abada, ko a gida ko a asibiti. Duk cikin da ta samu, a cire shi kafin ciwo ya fara. In ta yi yunƙuri ɗinkin ciki zai ɓalle, mahaifa ta fashe, jini ya zuba a ciki inda ba mai gani. Ba a kwana da wannan.

Ta ɓoye ne don kada matan garinku su ce raguwa ce, ba ta iya haihuwa ba sai da aka farke ta. Bashar ya san tabon, amma ba ya nan sa'ad da likita ya yi magana, kuma na tabbata ba ta gaya masa ba. Na san abin da ke ranta, so take ta haihu da kanta ta wanke wannan suna.

Na san na tona mata asiri a gaban surukinta, wataƙila ba za ta sake yi mini magana ba. Na yarda, ta rayu ta ƙi ni. Ki je ki ɗaga rigarta ki gani da idonki. Kwanakin da suka rage ba su fi ashirin ba, kuma irin wannan ciki ba ya jiran lissafi.

Jikarki mai laifi,
Mansura


Tashar Tsafe
11 ga Oktoba

Inna,

Ina gaisuwa. A tsaye nake rubuta wannan, a kan benci a bakin shago. Na nemi hutun yini ɗaya na taho da niyyar in iso ku da kaina. Ina shiga shagon na hango wasiƙata ta Bungudu a kan kanta, a ƙarƙashin gwangwanin madara, yadda Abdullahi ya ajiye ta kwana takwas da suka wuce. Mai shago ya ce tun da aka yi artabu a hanyarku babu wanda ya fito daga Tunga. Na zagaya tashar nan kaf, babu mai babur ɗin da ya yarda ya kai ni, ɗaya ma cewa ya yi in ina da wasiyya in bar masa.

Allah ya haɗa ni da wata Jummai mai tallan nono, ta ce rugarsu tana bayan garinku, ta hanyar shanu take bi. Ta ƙi tafiya da ni, ta ce takalmina da tafiyata za su ja mana ido. Amma ta karɓi takardun biyu ta sa a ƙarƙashin faifan ƙwaryarta. A fara karanta ta Bungudu.

Layin waya ya dawo a Gusau, nan kuwa shiru. Ina tsoro, Inna.

Mansura


Tungar Sule
14 ga Oktoba

Mansura,

Lafiyata ƙalau, ba ita ce magana ba. Ki gaya mini, tana da rai?

Bari in faɗa miki yadda aka yi, don Bashar ba zai iya ba. Takardarki ta zagi na ce Malam ya ninke ta ya ajiye, ba zan amsa ba. Shekaranjiya bayan la'asar sai ga Jummai da guda biyu. Zaure cike, Sule na nan, Bashar na bakin ƙofa. Malam ya kai inda kika ce ba maganar zaure ba ce, ya tsaya ya dube ni. Na ce ya ci gaba. Yana karantawa maza suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage daga ni sai shi sai Sule da ɗansa. Ban tsaya jin ƙarshe ba, na ɗauki sandata.

Na sami Yelwa tana tankaɗe. Labari ya riga ni isa, ta ƙi ɗago kai. Na ce ta shiga ɗaki ta buɗe mini ciki. Ta ce, "Inna, ba komi, ƙaiƙayi ne ya bar mani tabo." Na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta ɗaga riga, na ga tabon a tsaye yadda kika faɗa. Wata takwas yarinyar nan tana wucewa ta ƙofata da tulu, ina yaba tafiyarta, ban taɓa cewa zo in duba ki ba, don ba a kira ni ba. Ta riƙe hannuna tana kuka, tana cewa, "Ki bar ni in gwada, Inna, ni ma mace ce. Yaya ta gama da ni a garin ga."

Na koma wurin Sule na ce gobe da safe za a fita da ita. Bai yi gardama ba, in faɗi gaskiya, sai dai ya ce a bari sai Jumma'a, ranar da maza za su fita da yawa a raka ta. Na yarda, kuma wannan kuskurena ne.

Jiya da hantsi ina zaune ina tsinar wake, ina jin dakanta ta bayan darni, don gidanmu a jere yake. Na san hannun kowace mace a garin nan. Yelwa in ta ɗauki taɓarya ba ta ajiyewa sai ta gama. Sai na ji ta yi kamar ashirin ta tsaya. Can ta ci gaba. Ta yi kamar ashirin ta sake tsayawa. Na ajiye wake na kasa kunne. Sau huɗu, kuma tsayawar tana ƙara tsawo. Ba ta yi tari ba, ba ta yi nishi ba. Naƙuda take yi a tsaye da taɓarya a hannu, tana jiran ta shige ɗaki ta turo ƙofa, yadda ni da irina muka koya musu.

Ban bi ta ƙofa ba, darnin na keta. Shekara arba'in, jiya na fara shiga gidan da ba a aiko mini ba. Na same ta ta dafa turmi, gumi har ƙasa. Ta ce tun asuba ne. Na fita tsakar gari na yi kururuwa da sunan Bashar, ni da nake hana mata ɗaga murya.

Amalanken shanu muka shimfiɗa wa katifa. Jummai ce ta shige gaba ta bi da mu ta hanyarsu, maza shida suna biye. Ina riƙe da kanta, duk ramin da aka faɗa sai ta cije zane. Ba mu gamu da kowa ba, Allah ya rufe idonsu. Muna gab da kwalta sai ta saki zanen ta ce, "Inna, ya lafa, mu koma gida." Na taɓa cikin na ji ya sake, ba yadda na san cikin mai naƙuda ba, ga leɓenta ya yi fari, hannunta ya yi sanyi. Na taɓa ganin irin wannan lafawa sau ɗaya ina yarinya, ba a kai la'asar da matar ba. Na ce wa mai amalanke ya yi ta dukan shanun.

A asibitin Tsafe suka sa mata ruwa, suka ce Gusau, yanzu. Motar asibitin ba ta da wurin ɗan rakiya sai na mutum ɗaya, na tura Bashar. Da aka rufe ƙofa idonta a buɗe yake, amma na kira ta ba ta amsa ba.

Abin da kika faɗa a takardar zagi, cewa ba mu gani shi ya sa lissafinmu yake fita daidai, ya yi mini ciwo don gaskiya ne. Jummai za ta kai wannan takarda tasha gobe, kuma za ta jira amsa. Ko mene ne ki rubuto shi yadda yake.

Tambaya


Gusau
17 ga Oktoba

Zuwa ga Inna Tambaya,

Assalamu alaikum. Tana da rai. Malam, ka fara faɗa mata wannan kafin gaisuwa. Tana da rai, kuma 'yar da aka ciro tana da rai.

Yanzu ina gaisuwa, Inna. Yaya gajiyar hanya? Takardarki jiya ta iso hannuna.

Ina bakin aiki aka shigo da ita. Ban gane ta ba sai da na ga Bashar a bayan gadon yana salati. Abokan aikina suka fitar da ni daga ɗakin tiyata, suka ce ba zan tsaya a aikin ƙanwata ba. Ɗinkin ya ɓalle kamar yadda aka ce, sa'ad da ta ce miki ya lafa, lokacin ne. Jaririyar ta fito ba ta numfashi, sai da aka yi ta fama kafin ta yi wani ɗan kuka. Tana cikin kwalba har yanzu, amma jiya ta kama nono. Yelwa leda huɗu ta sha na jini, ɗaya nawa ne, ɗaya na Bashar. Mabiya na kai gida na binne a bayan ɗakina a Damba, na yi yadda na ga ana yi. Ki ba Baba Sule haƙuri.

Saura abin da ya hana ni barci. Mahaifar ta yage har ba ta ɗinkuwa, jini ya ƙi tsayawa. Likita ya fito ya ce ko a cire ta ko a rasa Yelwa. Bashar ya dangwala hannu yana kuka. An cire, Inna. Ba za ta sake haihuwa ba, tana da shekara ashirin da uku.

Ba ta sani ba. Bashar ya ce ba zai iya ba, Mama ta ce a bari sai ta yi arba'in, ko ma a bar ta ta gane da kanta. Ni kuwa tun da ta farfaɗo ba ta dube ni ba. In na shigo sai ta juya fuska bango, magani ma sai wata ta ba ta take karɓa. Jiya na ji tana ce wa ta kusa da gadonta, wai na gaba in Allah ya yarda da kanta za ta haife shi.

Ke take jin maganarki. In hanya ta yi sauƙi ki zo ki gaya mata, kin fi ni sanin yadda ake lallaɓa irin wannan. Ko kuwa Mama ce ke da gaskiya, a yi shiru tukuna?

Jikarki,
Mansura


Tungar Sule
22 ga Oktoba

Mansura,

Alhamdu lillahi. Na yi sujada a zauren Malam, da ƙyar aka ɗaga ni. Lafiyarmu lau. Sule ya yanka ragonsa ranar suna duk da babu mai jego a gari, Bashar ya aiko cewa Husna aka sa. Allah ya raya ta. Maganar mabiya ki bar ta, akwai masu ciki uku a garin nan, na bi su gida-gida na buɗe cikin kowacce. Biyu sun ce tsufa ya fara taɓa ni.

Ba zan zo ba, kuma ba ƙafa ce ta hana ni ba. Uwarki ta yi shiru, ke kin yi zagaye, ni na jira kira, yarinya ta cije zane. Mu huɗu muka taru da kunyarmu muka kusa kashe ta. Yanzu kuma kina tambayata ko a ƙara wani shirun. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Ke za ki gaya mata, da bakinki, da rana tsaka, ba da karin magana ba. Jikinta ne, ita ce ta fi kowa haƙƙin sani. In ta zage ki ki tsaya ki sha, ni ma na sha naki ban mutu ba.

Kakarki,
Tambaya


Bungudu
29 ga Oktoba

Zuwa ga Inna Tambaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da masu cikinki uku. An sallame su ranar Talata, mun kawo su gidan Mama. Ciwon yana warkewa, Husna tana tsotso kamar mai ramuwa. Na hana kunun kanwa da ruwa mai ƙuna, ni da Mama mun yi faɗa a kan haka, za ta kawo miki ƙarata.

Na gaya wa Yelwa jiya da azahar. Na fitar da kowa, na zauna a bakin gado, ta juya mini baya kamar kullum. Na faɗa wa bayan nata. Na ce mahaifarki ta fashe, an cire ta don a ceci ranki, Husna ce ta farko kuma ita ce ta ƙarshe. Ban ƙara komai ba.

Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Sai na ga kafaɗarta tana rawa. Na kai hannu ta ture, na sake kaiwa ta bari. Mun yi kuka har Mama ta kasa haƙuri ta shigo. Da ta natsu ta tambaya ko Bashar ya sani, na ce shi ya sa hannu. Ta tambaya ko mutanen Tunga sun sani, na ce daga ke sai Malam, don ya aiko mini cewa ke kaɗai ya karanta wa waccan takarda. Ta karɓi 'yarta ta sa a nono, ta yi ta kallonta. Sannan ta dube ni, karo na farko tun ranar da aka kawo ta, ta ce in ɗauko biro.

Malam Haliru, wannan ba ta ɗaki ba ce. Ta ce ka bari sai zaure ya cika, kuma a kira mata su tsaya ta bayan darni. Ga saƙonta yadda ta faɗa:

"Ni Yelwa matar Bashar ina gaida kowa. An yanka ni sau biyu, na biyun an cire mani mahaifa. Ɗiya guda Allah ya ba ni, ba wata bayanta. In na gama wanka ina dawowa gida da ita. Wadda za ta ce raguwa ta faɗa yanzu, tun ba ni nan, ta gama. Amma kada wata ta tare ni a bakin rijiya baɗi ta tambaye ni yaushe za a yi ma Husna ƙane."

Na tambaye ta ko in rage wani abu. Ta ce ko kalma ɗaya.

Jikarki,
Mansura